Kwana Biyu Ya Rage Wa Masuji

Duk wanda ya yi aiki a tashar nukiliyar da ke bakin tekunmu ya san miyar Kikuyo Monma, ya kuma san kaifin bakinta. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da ɗan gidan abinci mai kujeru takwas a hanyar gaɓa, a ƙauyenmu na Otozawa, arewa maso gabashin Japan. Shinkafa, gasasshen kifi, miyar miso ta daddawar waken soya, shi ke nan. In ka ce gishiri ya yi yawa, sai ta nuna maka ƙofa da ludayi.

Mijinta Masuji mai walda ne a tashar. Tashar ce ta ciyar da su, ita ta yi wa 'yarsu Fumie karatu har ta yi aure can Saitama. Duk da haka in Kikuyo ta hango dogayen bututun nan daga ƙofar shago, takan taɓe baki.

"Ni fa abin nan bai kwanta mini ba, Baban Fumie."

"Ke da ko injin wanki ba ki yarda da shi ba?" in ji Masuji. "Da hannuna na haɗa ƙarafan nan. Ko ƙasa za ta kife, ba abin da zai fito."

Haka suka yi ta wannan musu har tsufa ya cim musu. Ran ashirin da huɗu ga Janairun 2011 zuciyarsa ta tsaya yana ɗaure igiyar takalmi.

Aka ƙone gawar kamar yadda ake yi wa kowa, dangi suka tsince ƙasusuwan suka zuba a tulun tangaran, aka sa a akwatin katako, aka naɗe da farin ƙyalle. Sai an cika kwana arba'in da tara ake kai mamaci kabarin kakanninsa. Kafin nan ruhinsa yana bisa rufin gida, bai tafi ba, bai kuma zauna ba. Kikuyo ta rufe shago, ta ajiye akwatin a ɗakin baƙi. Kullum safiya ta kunna masa turare, ta zuba masa shinkafa da shayi, ta kuma yi masa ƙorafin famfon da ya tafi bai gyara ba.

Kabarin yana kan tudun bayan gidansu. Tun da ransa Masuji ya sa aka sassaƙa sunayensu su biyu a jikin dutsen, aka cika su da jan fenti, alamar masu sunan suna raye. Yanzu an kankare jan nasa, saura nata. Ranar ta arba'in da tara ta faɗo Lahadi, sha uku ga Maris. Ta gaya wa malamin haikali, ta gayyaci dangi, ta goge baƙaƙen kayanta.

Ran Juma'a, uku saura kwata na rana, ƙasa ta motsa. Mu nan girgizar ƙasa ba baƙuwarmu ba ce, wani ko cokali ba ya ajiyewa. Wannan kam ta ƙi tsayawa. Kwanuka suka zube, tayil ɗin rufi ya rinƙa sulmiyowa yana fashewa a tsakar gida. Kikuyo ta rarrafa ta rungume akwatin, ta duƙa a kansa har abin ya lafa. Bayan kamar minti hamsin tana tsaye a ƙofar gidanta can bakin tudu ta ga teku ya taho, baƙi ƙirin, yana tura jiragen kamun kifi a gabansa. Ya haɗiye hanyar gaɓa da shagonta da duk gidajen layin.

Cikin gidajen har da na Genzo, tsohon masuncin da ya shekara talatin yana cin miyarta yana kushewa. Shi ya hau tudu saran gora, ya bar matarsa Ume a gida. Da yamma maza suka sauka cikin taɓo suna kiran sunaye har duhu ya kore su. Suka yi alkawarin komawa da asuba.

Ba su koma ba. Gari na wayewa lasifikar ƙauye ta ce kowa ya fita, tashar ta sami matsala, ga motoci nan. Kada a ɗauki kaya, kwana biyu ne ko uku.

Kikuyo ta ɗaga akwatin, ta sake ajiyewa. Ina aka taɓa raba ƙashi da gidansa ruhi yana kan rufi? Kuma ta shiga mota cike da jama'a, da yara, ta ɗora musu mamaci a tsakani? Mu mutanen nan gara mu mutu da mu takura wa maƙwabci, kuma wannan hali ya cuce mu ba sau ɗaya ba. Ta zuba sabuwar shinkafa, ta gyara ƙullin ƙyallen.

"Baban Fumie, ka tsare gida. In je in dawo."

Da la'asar, a zauren wasannin wata makaranta can cikin duwatsu, aka nuna a talabijin: ginin tashar ya yi bindiga, farin hayaƙi ya tashi ya bi iska. Kikuyo ta juya gefenta na dama za ta ce, "Ka gani ko?" sai ta tarar bango ne a wurin. Tsoro ya kama ta irin wanda ko teku bai ba ta ba, don teku ana ganinsa. Wannan ba launi, ba wari, an ce yana cikin iska, yana cikin ruwan sama, yana sauka kan rufin gidaje.

Lahadi ta zo ta wuce tana kan layi, wasu mutane cikin fararen kaya suna zagaya jikinta da na'urar da ke ƙas-ƙas. Aka ba ta takarda mai cewa ba ta ɗauke da guba. In ba da takardar ba, wasu masaukan ko ƙofa ba sa buɗewa.

Fumie ta zo ta tafi da ita. A hawa na bakwai na wani bene, a Saitama, Kikuyo ta daina faɗa, abin da ya fi komai tayar wa 'yarta da hankali. Ba ta zancen shago, ba ta zancen gida. Kullum sai ta ce, "Yau kwana sittin da biyu," "Yau tamanin," kuma kowa ya san kwanakin rasuwar Masuji take ƙirgawa. Fumie ta je wani haikali a unguwarsu ta nemi a ba mahaifinta wuri. Aka karɓe ta da ladabi, aka zuba mata shayi, sannan aka tambaye ta ko an auna ƙasusuwan an ga ba guba.

A watan Yuni aka ba mu izinin shiga ƙauyen: awa biyu, leda ɗaya, ba ɗaukar abinci, ba kauce hanya.

"Inna, Baba kawai za ki ɗauko," in ji Fumie. "Kar ki taɓa ƙasa, kar ki cire safar hannu. Kin ji ko?"

"Na ji. Ni kurma ce?"

Aka sa musu fararen kaya daga kai har ƙafa, aka rataya wa kowa ƙaramar na'urar auna guba a wuya. Motar ta shiga Otozawa a hankali. Ciyawa ta cinye gonakin shinkafa. Wasu shanu ramammu suka tsaya tsakiyar titi suna kallonsu. Wankin da aka shanya ran Juma'ar nan yana nan a kan igiya, ya yi toka-toka.

Rufin gidanta ya yi yoyo, tabarmin ɗaki sun yi funfuna, shinkafar da ta zuba ta zama baƙin dunƙule. Akwatin yana inda ta bar shi.

"Na dawo," ta ce. "Na daɗe, ka yi haƙuri."

Ta sa shi a ledar ta ɗaga. Ledar fara ce ƙal, ana ganin komai. Ga mijin da ta yi shekara arba'in da takwas tare da shi yana lilo kamar kifin da aka sayo a kasuwa, za a kai shi garin da bai sani ba, a auna shi kafin a ba shi wurin kwanciya. Hannunta ya ƙi.

"Uwar gishiri, kina ciki?"

Ko ta cikin takunkumi ta gane muryar Genzo. Yana tsaye a ƙofa da ledarsa a ninke. Ya je inda gidansa yake, ko harsashi bai gane ba. Ume kuwa har yau ba a gan ta ba.

"Genzo, ƙarfinka ya ƙare ne, ko da saura?"

Ya dubi akwatin, ya dubi tudu. "An ce fa kar a kauce hanya."

"An kuma ce kwana biyu."

Ya ɗauko wani ƙarfen haƙa a bayan ɗaki, suka hau. Girgiza ta kayar da duwatsun kaburbura kusan duka. Na gidan Monma yana kwance rigingine cikin ciyawa, sunanta na sama, jan bai koɗe ba. Murfin ramin da ake ajiye tulunan ya ƙi motsi sai da tsofaffin nan biyu suka haɗu a kan ƙarfen suna nishi, gumi yana cika musu takunkumi. Safar hannunta ta yage. Na'urar wuyanta tana ƙara, ba ta ko dube ta ba. Ta durƙusa a ƙasa, ta kwance ƙyallen, ta zura tulun kusa da na iyayensa.

Ba malami, ba dangi, ba turare. Ta karanta abin da ta iya na addu'a, inda ta manta ta yi shiru.

"To, sauko daga rufin nan, Baban Fumie. Ba wurin zama ba ne yanzu. Musun nan ni na ci, kuma ban ji daɗin cin ba."

Genzo ya sunkuya bakin ramin. "Masuji, in ka gamu da Ume a can, ka ce mata ban daina nema ba. Hana ni aka yi."

Suka mayar da murfin. Saura minti shida suka isa mota.

A wurin bincike wata mata mai furfura a gira ta karɓi ledar Kikuyo, ta juya ta, ta leƙa ciki.

"Iya, ba ki ɗauko komai ba?"

"Ajiyewa na je yi."

Matar ta bi jikinta da na'ura. A kafaɗa shiru, a ciki shiru. Da ta iso gwiwoyi da tafin hannun dama sai ƙarar ta rikice kamar ana soya gyaɗa. Ta ja baya kaɗan, ta yafuto mai ruwan wanki.

"'Yar nan," in ji Kikuyo, "yaushe za a bar mutum ya koma?"

"Ba wanda ya sani, Iya. Wasu na cewa shekara talatin, wasu sun ce ya fi."

Kikuyo tana da shekara saba'in da uku. Ta miƙa hannu ana zuba mata ruwa, ƙasar kabarin tana bin ruwan tana sauka cikin bokitin da za a rufe a rubuta masa lamba.

"Wannan na masu rai ne. Ni akwai wurina a gefensa, sunana ma na jiki. In an kawo ni a tulu fa, za a bari in shiga?"

Matar ta buɗe takardun da ke hannunta, ta duba shafi na farko, ta duba na biyu, ta koma na farko. Ba a rubuta komai a kan wannan ba.