Askirim ɗin Direba

Direba ake ce masa har yau, ko da yake rabonsa da sitiyari an daɗe. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota, kuma a tasha an san shi da hali guda: ba ya tashi in akwai ko da noti ɗaya da bai gamsu da shi ba. Masu kaya su yi ta kumfar baki, shi yana ƙarƙashin mota abinsa. A gida kuwa ko ruwan zafi bai taɓa ɗorawa ba.

Bayan ya ajiye aiki ne ciwon suga ya kwantar da matarsa. Likita ya hana ta zaƙi, ya rage mata shinkafa da burodi, madara kuwa dama ba ta zama a cikinta. Sai abinci ya fita ranta gaba ɗaya. A kai kwano, a ɗauko shi yadda aka kai. Likitan ya gaya wa Direba ba ɓoye-ɓoye cewa in ba ta ci, magani ba zai tsinana mata komai ba. Wata rana da zafi ya tsananta ta ce da za ta samu askirim da ta sha. Tun da ta kwanta, wannan ne abu na farko da ta nema da bakinta.

'Yarsu da ke aure a wani gari ta koya masa yadda ake yinsa ta waya. Ya goge kwakwa, ya tace madararta, ya kaɗa da gwaiduwar ƙwai a kan wuta kaɗan-kaɗan, ya zuba garin zaƙin nan na masu ciwon suga da ake sayarwa a kemis. In ya huce ya sa a firiza, ya riƙa fitarwa yana juyawa da cokali mai yatsu.

Da sifana yake fasa kwakwar, magogi kuwa ya ci yatsunsa har ya gaji. Na farko ƙwan ya dunƙule. Na biyu ya daskare kamar bulo, don askirim marar suga haka yake. Na uku da ɗan dama, amma da ya sa a baki ya ji tsakin ƙanƙara. Ya ce wannan ba abin kai wa marar lafiya ba ne. Da yake kuma ba ya son almubazzaranci, sai ya zauna a kan kujerar kicin ya shanye kayansa.

Haka aka yi ta yi. Kullum da abin da bai yi masa ba. Kumatunsa suka ciko, ita kuwa awarwaro har gwiwar hannu yake zame mata. Tsoro yake ji sosai, kuma tsoron ne ke ƙara mai da shi kicin. Daga ɗaki tana jin ƙarar magogi da buɗe firiza, tana jin ƙamshin kwakwa, amma ba a shigo da komai.

Wata la'asar yana tsakiyar ƙwaƙular wani askirim da ya lalace a cikin roba, sai ya ji numfashi a bayansa. Ita ce, dafe da bango, zani yana neman faɗuwa daga ƙugunta. Ya miƙe yana bayanin ƙanƙara da gwaiduwa, yana cewa ta ƙara haƙuri, ya kusa gano kansa.

Ta ce, "Malam, kafin ka gano kansa ai an yi addu'ar bakwai ɗina. Miƙo."

Ya ba ta kujerar da robar. Cokali ya ƙi shiga, sai ta rungume robar a cinya har gefe ya fara narkewa, ta riƙa bin gefen tana kankara. Ta ce masa gaskiya bai yi daɗi ba. Yana tsaye riƙe da murfi, ba ta ɗago ba sai da cokali ya taɓa gindin robar.