Matar da Aka Daina Ba Wa Haƙuri

A kulob ɗinmu na wasan kuroke babu wanda bai ɗanɗani muguntar Tannie Elsabe ba, wato Gwaggo Elsabe a yaren garinmu. Ranar da na fara zuwa, da sabon farin wandona da gudumar aro, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ba ni jan shayi da kek ɗin madara, ta tambayi lafiyar matata. Muna shiga fili ta doki ƙwallona har cikin shingen furanni. "Yi haƙuri, ɗana," in ji ta, tana murmushi. A lokacin har jikoki gare ni.

Haka wasan yake. Tsofaffi ne cikin fararen kaya kamar ma'aikatan asibiti, kowa na lallaɓa ƙwallonsa da gudumar katako ya bi ta ƙananan ƙofofin ƙarfe da aka kafa a ciyawa. Rabin daɗin kuwa shi ne ka kori ƙwallon abokinka daidai lokacin da ya sa rai, sannan ka ba shi haƙuri. Mai bayarwa bai nufa ba, mai karɓa bai yarda ba, kuma a haka muke zaman lafiya.

Elsabe ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da lissafi a wata firamare cikin gonakin tuffa. Da mijinta ya rasu ta sayar da gona ta dawo garinmu na bakin teku, 'yarta guda kuma tana can Ostireliya tana aiko hotunan jikoki. Ita da bakinta ta ce ta shigo kulob ne don ta gaji da hira da kyanwa. Ba ta yi wata ba ta gano baiwarta, mu kuma muka shiga uku.

Mutum ɗaya ne ke iya mata, Oom Barend, wato Kawu Barend, likitan haƙori mai ritaya, wanda ya shafe rayuwarsa yana ba mutane haƙuri kafin ya cutar da su. Yana kiranta Malama, tana kiransa Mai Fizge, saboda haƙoran da ya sha cirewa. Shekara da shekaru kowace Asabar suna korar ƙwallon juna suna zagin juna cikin ladabi, bayan an tashi kuma shi ke kai ta gida a motarsa.

Da sanyin bara jini ya buge ta. Ta dawo mana da sanda, hannun hagu ba ƙarfi, baki ya ɗan karkace. Kwamitinmu, wanda ya yi shekara guda yana gardamar fentin da za a yi wa benci, nan take ya yanke hukunci a asirce: kada wanda ya ƙara taɓa ƙwallon Elsabe. Sai ga gwanaye suna kuskure da gangan, suna dafe kai, suna zargin iska. Ba mu iya wasan kwaikwayo ba ko kaɗan. Ta cinye kowa, har kofin bazara muka miƙa mata muna tafi.

Tun daga nan ta yi sanyi. Kek ya daina zuwa, tsokana ta ɗauke. Wata rana muna zaune a benci ta gaya mini ta amsa kiran 'yarta, ƙarshen wata za ta tafi gaba ɗaya. Na fara yi mata daɗin baki, ta katse ni.

"Ɗana, na yi shekaru ina kama yara suna satar amsa. Ku ne za ku yi mini wayo? Kun binne ni da raina, kun ɗora mini kofi a kan kabari."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

Duk wannan Barend ba ya nan, yana kwance an yi masa aikin gwiwa. Ya dawo daidai Asabar ɗinta ta ƙarshe. Shugabar kulob ta ja shi gefe ta raɗa masa dokar, ya gyaɗa kai kamar mutumin kirki. Aka haɗa su wasan ban kwana.

Can wajen ƙarshe ƙwallon Elsabe ya tsaya daidai bakin ƙofar da za ta ba ta nasara. Barend ya ɗingiso, ya tsaya, ya daɗe yana auna. Muna jira ya yi kuskuren da aka umarce shi. Sai muka ji ƙau! Ƙwallon ya tsallake iyakar fili, ya keta shinge, ya shige ƙarƙashin motar fasto. Shugaba ta dafe ƙirji. Har mai yankan kek ɗin ban kwana ta tsaya da wuƙa a hannu.

Barend ya ɗan ɗaga hula. "Yi haƙuri, Malama."

Ta daɗe tana kallonsa. Bakin nan da ya karkace ya fara rawa, muka ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo.

"Baƙin mugu," ta ce. "Allah ya isa, Mai Fizge. Na gode."

Mutum uku suka zabura za su ɗauko mata ƙwallo, ta nuna su da sanda suka koma. Ita ta je da ƙafarta, a hankali, ta zaƙulo shi da kan sandar. Barend ya lallasa ta a wasan nan ba tausayi.

Ni na riƙe mata jaka zuwa mota. Ta ce in taya ta buga wa 'yarta waya a gaya mata tafiya ta fasu, akwai wani tsoho da ba ta gama da shi ba. Na tambaye ta abin da ya sauya.

"Tun da na kwanta kowa haƙurin gaske yake ba ni, likita, fasto, har ku," ta ce. "Yau ne aka ba ni na ƙarya."

Barend ya buɗe mata ƙofar mota, ta shiga tana gaya masa yadda za ta yi da shi ranar Asabar.