Titin da ya raba Inna da Maman Rahila

Jiya na tarar da Innata tsaye bakin titin unguwarmu a Birnin Kebbi, riƙe da kwanon kunu, tana ɗaga wa Maman Rahila hannu.

Shekara ashirin suna maƙwabtaka, ƙofa na kallon ƙofa. Bana aka faɗaɗa titin, aka gitta shingen kankare a tsakiya.

Na ce, "Inna, ki ƙetara mana."

Ta ce, "Da wace gwiwa? Sai na hau kabu-kabu har shataletale in kewayo. Kwananta ukku kwance ban sani ba. Tun da anka gyara muna hanya, matar ga ta koma wani gari."

Ni na haura shingen na kai kunun.

Motoci dai sun ji daɗi. Ku a unguwarku, wa aka gyara wa hanya?