Giɓin da Na Bari a Gefenki, Rabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, 16 ga Zulƙida 1446, daidai da 14 ga Mayu 2025, Allah Ya karɓi ran Rabi Zakariyya, abokiyar aikina ta shekara goma sha shida a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa. Hawan jini ne ya kayar da ita a bakin aiki ranar Litinin, ta kwana biyu a asibiti ba ta magana, sannan ta cika. Na faɗi sababin a fili ne domin tun a zaman makoki na ji ana raɗe-raɗin cewa "ciwon nan" ne ya tafi da ita. Ba shi ba ne. Shekara goma sha huɗu ta rayu da ƙwayar cutar HIV a jininta, tana shan maganinta kullum, kuma babu wadda ta fi ta ƙarfin aiki a cikinmu. Ita kanta ba ta taɓa ɓoyewa ba, saboda haka ban tona mata asiri ba.

Rabi, yanzu ke nake fuskanta, ko da yake ban sani ba ko Allah zai jiyar da ke.

Aikinmu a sashen mata shi ne aske ragowar roba da reza daga bakin butoci da bokitai idan sun fito daga inji. Ni ce babba a sashen, kuma ni ce mai tsayar da sahu a ɓangaren mata na masallacin kamfani, bayan labule. Kowa ya san kalmata: "Ku haɗa kafaɗa, ku cike giɓi." Na sha jawo mace da gefen hijabinta saboda tazarar da ba ta kai tafin hannu ba.

Mijinki Bala, wanda yake aiki a majemar fatu a Challawa, ya rasu ya bar ki da ciki. A wurin awo aka yi miki gwaji aka gano. Bayan kin haihu kin dawo aiki, ranar farko a lokacin hutun abinci kika ajiye cokali kika ce: "Kafin ku ji a bakin wasu, ku ji a nawa. Ina da cutar da kuke kira ƙanjamau. Ina shan magani, 'yata kuma likita ya ce da yardar Allah za ta tsira." Ɗaya bayan ɗaya aka janye hannu daga kwanon da muke ci tare.

Washegari na zaɓi buta guda a wurin alwala na ɗaura mata jan zare a hannu, na ce wannan ce taki. Na kira abin tsafta, na kira shi taka-tsantsan. Da aka tayar da sallar azahar, ni da ke jan hijabin mutane na tsaya a gefenki na bar fili da zai ɗauki mace guda. Sauran mata suka ga abin da ni da suke kira Malama na yi, suka yi haka a ɗaya gefen. Kusan shekara biyu kika yi kina sallar jam'i ke kaɗai a tsakiyar jama'a.

Ba ki yi fushi ba, ko kuwa kin yi ba ki nuna mana ba. Wata rana ina layin alwala kika wuce ni da butarki kina dariya: "Malama, Allah Ya saka da alheri. Tawa ce kaɗai ba a yi wa layi." Wata rana kuma bayan sallama kika dubi filin da ke tsakaninmu kika ce a hankali: "Wannan wurin wa kika ajiye wa? Na ga har yau bai zo ba." Na ci gaba da jan carbi kamar ban ji ba. Na ji, Rabi. Ni ce na koya wa matan nan cewa malamai sun ce shaiɗan ne yake cike giɓin sahu idan aka bar shi.

Ke kika koya mana abin da ya kamata mu ji tsoro. Muna gudun buta da kwano, amma reza guda takan zaga hannu biyar a yini, kowa tana yankewa tana goge jinin a zani. Kika ce: "Ba a ruwan alwala take ba, ba a tuwo take ba, ba a kafaɗa take ba. Reza kam, kowa ta riƙe tata, wadda ta yanke ta ɗaure ciwon." Kika yi ta zuwa ofis har aka fara ba kowace mace tata rezar da safar hannu. Da Binta, wadda ta fi kowa gudunki, ta yi doguwar naƙuda mijinta ba ya gari, ke kika kai ta asibiti kika yini a kanta. Na kuma san akwai mata, daga Sharaɗa har Bompai, da kika raka gwaji ko karɓar magani. Na taɓa tambayarki su wane ne. Kika ce: "Malama, da a bakina za a ji, da ba su zo ba."

A ƙarshe na cike giɓin. Wata la'asar na matso, kafaɗata ta taɓa taki, sauran suka biyo baya, aka koma cin abinci a kwano ɗaya. Amma ban ba ki haƙuri ba. Na ɗauka aikin ya wadatar da magana. Yau da na bincika zuciyata, abin da na samu shi ne girman kai: ya yi mini nauyi in ce wa wadda na girme ta, na kuma fi ta karatu, na zalunce ki. Shekara goma sha biyu ina jira ki nuna kin manta, ke kuwa ba ki taɓa kwance jan zaren nan ba, ban kuwa taɓa tambayarki dalili ba.

Ranar Talata na same ki a gadon asibiti. Na riƙe hannunki na ce: "Rabi, ki yafe mini buta da sahu." Idonki a buɗe yake, amma bakinki ya riga ya mutu. Na jira yatsa ya motsa, bai motsa ba. Ban san kin ji ba, ban san kin yafe ba. Haƙƙin Allah ana neman gafararsa da istigfari. Haƙƙin bawa kuwa sai bawan ya saki. Da wannan zan zauna har mu haɗu.

Mako biyu ke nan da binne ki, kuma babu ko ɗaya daga cikin matan da kike rakawa da ta zo wurina. Sun yi daidai. Sun ga abin da na yi wa wadda ta faɗi gaskiya. Ina tsoron wata ta daina zuwa karɓar maganinta saboda babu mai raka ta, kuma da hannuna a ciki. Ban san sunayensu ba, saboda haka a nan zan faɗa musu: butar jan zare tana hannuna yanzu, da ita nake alwala. Wadda take bukatar rakiya ba sai ta yi mini bayani ba. Ta faɗi rana kawai, zan sa hijabina, kuma bakina zai yi abin da na Rabi ya yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Hajiya Hadiza da ke Ɗorayi, da yayanki Malam Bashir, da 'yarki Sumayya, wadda ta tsira lafiya lau kamar yadda kika faɗa mana a ranar da muka janye hannu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya marainiya.

Ya Allah Ka gafarta wa Rabi, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya haƙurin da ta yi da mu a mizaninta. Ka tsayar da ita cikin sahun salihan bayinKa, inda ba wanda zai matsa daga gefenta. Idan ta yafe mini, Ka ba ni wuri kusa da ita. Amin.

Halimatu Sa'adiya Haruna
Sharaɗa, Kano