Littafin Kawu Isiyaku Da Takobin Soso

Karawa ɗari uku da goma sha biyu marigayi Kawu Isiyaku ya yi da Pauline cikin shekara huɗu. A ɗari uku da goma ita ta yi nasara. Karawa guda ɗaya shi ya soke ta daga lissafi da hannunsa, kuma ni na jawo. Ɗayar da ta rage ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Ba ni na ƙirƙiri lissafin nan ba, a littafinsa yake, littafin nan da duk kuka sani, wanda yake zarowa daga aljihun gaba ko a tsakiyar walima ne, ya lashi bakin fensir ya ce, "Tsaya in rubuta. Abin da ba a rubuta ba bai faru ba."

Ga waɗanda ba su taɓa leƙa park ɗinmu, filin shaƙatawa na Catford a nan London, ranar Lahadi ba, bari in yi bayani. Wasu mutane ne, manya da hankalinsu, suke haɗuwa bayan azahar suna faɗa da takubban soso. In an taɓa maka hannu, ka mai da shi baya. In ƙafa ce, ka durƙusa. In ƙirji ne, ka mutu, ka koma gefe. Kuma kai ne za ka faɗa da bakinka cewa an same ka, don alƙali ba komai yake gani ba. Pauline kuwa nas ce da ta yi ritaya, 'yar asalin Jamaika, gajeriya, ga fara'a, ga saurin hannu. Burin Kawu ɗaya ne tak: ya kayar da ita ko sau ɗaya.

Ni sana'ata sayar da kujeru da katifu na hannu, shi kuma abokin mahaifina ne tun Kano, ya yi shekara ashirin da bakwai yana tuƙa bas a garin nan. Da likita ya ce zuciyarsa tana son motsa jiki, na ce ya shiga gym. Ya dube ni sama da ƙasa.

"In biya kuɗi in yi gudu a wuri ɗaya? Ni da aka yi shekara da shekaru ana biyana in zaga London a zaune?"

Bayan sati biyu sai ga shi a shagona yana latsa wata katifa.

"Habibu, wannan ai ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Kawu, sayar da ita zan yi."

"Ta mutu. Dubi gefenta."

Kafin in buɗe baki ya fito da reza! Da soson katifata, da karyayyen sandan kamun kifi da ya tsinta, da tsohuwar safa, ya haɗa takobinsa. Masu wasan suka duba, suka latsa, suka ce ya yi. Katifar dai ta mutu daga ranar.

Littafin ma bai taɓa sayen sabo ba. Tsofaffin diary na shekarun da suka wuce yake tattarawa, ya soke kwanan wata ya sa nasa. Kuma da ajami yake rubutu, wai kada "Hajiya Polin" ta gano sirrinsa. Na ce, "Kawu, ko da boko ka rubuta ai Hausa ce, ba ta ji."

Ya ce, "Nas ce fa! Mutanen da suke karanta rubutun likita?"

Komai yana ciki: abin da ya ci, ƙafar da ya fara sakawa gaba, inda aka same shi, sai kuma layi na ƙarshe da yake kira gyara. Ga ɗaya da na kwafo: "Na ci tuwo da rana. Kuskure. Ta shigo ta hagu. Gyara: shayi da burodi kawai, kuma in daina kallon takobinta, in kalli kafaɗarta." Muna ta yi masa dariya, amma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi aiki. Cikin shekara biyu dattijon nan yana durƙusar da ƙartin da ya yi jika da su. Pauline ce kawai ta gagara.

Wasunku suna nan ranar da ya taho kai tsaye daga wani suna a Woolwich, cikin babbar riga mai aiki. Duk wanda ya kawo sara sai ya sami riga, jiki yana can ciki lafiya lau. Amma Kawu sai ya ɗaga hannu, "Na mutu!" Alƙali ya yi ta bayani cewa a dokar wasa tufa ba ta cikin lissafi.

Kawu ya ce, "Ɗana, ka san shaddar nan kuwa? Da takobin gaske ne, wanda ya yaga mini ita ya kashe ni."

Sau goma sha ɗaya ya mutu ranar, ba wanda ya taɓa fatarsa. Gyaran da ya rubuta: "A bar babbar riga a gida."

Sai likita ya sa ranar yi masa aiki a zuciya, ya kuma ce bayan aikin babu sauran takobi. Lahadi huɗu suka rage. Ni ɗan kasuwa ne, na saba da cewa kowane abu ana iya daidaitawa. Na sami Pauline a gefe na yi mata tayin kujera mai cin mutum uku, kusan sabuwa, in ta bar shi ya ci sau ɗaya. Ta ƙi kujerar, har ta harare ni, amma tausayi ya kama ta ta amince.

Ranar Lahadi suka kara, ta yi sake, takobinsa ya sauka a ƙirjinta. Wuri ya kaure da tafi. Kawu ko murmushi bai yi ba. Ya zaro littafi yana buɗe shafuka.

"Shekara huɗu Hajiya Polin ba ta taɓa sauke gwiwar hannunta ta dama ba. Ga shi nan, shafi bayan shafi. Yau ta sauke kamar mai miƙa wa baƙo shayi." Ya juyo gare ni. "Habibu, me ka ba ta?"

"Wallahi Kawu ba ta karɓi komai ba!"

"Ashe ka yi tayi."

Ya ja layi a kan karawar. Sati biyu bai yi mini magana ba. Kullum yana zuwa shagon, ya zauna a kan wannan kujerar da na yi tayinta, ya sha shayina, ya tashi ya tafi ko sallama babu.

Lahadin ƙarshe ana yayyafi. A hanya ya huce, ya nuna mini wani layi a littafin: duk lokacin da za ta kawo sara ta hagu, tana ɗan ɗaga dundunniyarta. Wata shida yana bibiyar dundunniyar nan. Aka fara. Suka zagaya juna sau biyu. Ta ɗaga dundunniya, ya kutsa ciki, takubba biyu suka sauka kusan tare. Su biyun suka zube a kan ciyawa, kowa hannu a sama, kowa yana cewa ya mutu.

Cikin Turanci ta ce, "Isiyaku, ka riga ni."

"A'a Hajiya, naki ne ya fara sauka."

"Na ji a haƙarƙarina!"

"Ni ma ina da haƙarƙari!"

Aka juya ga alƙali, ashe bawan Allah yana kokawa da lemarsa, bai ga komai ba. Tsofaffi biyu a durƙushe cikin taɓo, ruwa yana dukansu, kowa ya rantse shi ne gawa, ba mai niyyar tashi. Da ƙyar muka ɗaga su. Kawu ya rubuta kwanan wata, ya rubuta shayi da burodi, ya bar wurin sakamako babu komai. Ya ce, "Sai na fito mu warware."

An yi aikin, ya farfaɗo, har ya tambayi inda aka ajiye masa takobinsa. Kwana tara bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Ranar uku muna zaman makoki a flat ɗinsa sai ga Pauline, ta yafa mayafi. Ta gaida Inna Hajara, matarsa, ta roƙi a ba ta littafin. Ba ta iya karanta ajamin ba, ashe tsoron Kawu na banza ne, ni na nuna mata layin. Ta ce mini, "Sau ɗaya na yi masa ƙarya, kuma ya kama ni. Wannan karon shi ya riga ni." Ta karɓi fensirinsa ta rubuta sunansa a wurin da ya bari, ta sa hannu a ƙasa.

To ga yadda lissafin ya tsaya. Faɗuwa ɗari uku da goma. Sokakkiya ɗaya. Nasara ɗaya, a rubuce, da sa hannun wadda aka kayar. Ni na yi asarar katifa, na kuma ji kunyar da har yau ba ta sake ni ba. Shekara talatin ina ciniki, ban taɓa ganin wanda ya ƙi ribar da aka miƙa masa sau biyu ba, kuma ya tashi da ita halal, sai shi.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Inna Hajara haƙuri. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah ya ba shi nasa a hannun dama. Amin.