Kwana Tara a Kan Noti Ɗaya

A Tudun Wadar Gusau, in ka ce Arzika Direba, ko mai shayin bakin titi zai nuna maka gidan. Gajeren mutum ne, mai tsabtar da har takan takura wa mutane. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa wani Bature injiniya a kamfanin gurzar auduga, kuma abin taƙamarsa ɗaya ne: mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa a kan hanya ba. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa motar, wata doguwar tsohuwa ƙirar Amurka, kujerar bayanta kamar gado. Otomatik ce, ba ta da kuloci, ita ke canja wa kanta giya. Direbobin tasha suka laƙaba mata Hajiya, wai don ba ta son wahala.

Shi ɗan Karakkai ne, can ƙasar Bungudu. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, wansa Yari ne ya rene shi, shi ya kawo shi Gusau koyon mota, sannan ya koma ya riƙe gonar gado shi kaɗai. Duk kaka sai gero ya iso Tudun Wada, ba a taɓa fashi ba. Yari bai iya karatun boko ba, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma in Arzika ya yi magana, to a wurinsa an gama. Ƙaninsa ne ya san birni.

Da daminar 1998 Arzika ya je gida gaisuwa. A motar haya ya je, domin Hajiya ta fara ɗigar da mai. Ya tarar da Yari kwance, ciki da ƙafafu sun kumbura, ko zama ba ya iya yi. 'Yan uwa sun riga sun yanke shawara, za a sa shi a akori-kurar wani Buba, mai jigilar hatsi zuwa Gusau, a kai shi asibiti. Arzika ya dubi wansa, ya tuno ramukan hanyar nan, ransa ya ɓaci.

"Wallahi ba a aza Yaya bisa buhunna awa kaya," in ji shi, a gaban kowa. "Ku bari. Jibi ni ka zuwa da mota, in kwantar da shi baya har ƙohwar asibiti."

Yari ya yi murmushi ya ce, "Kun dai ji."

Abin da ke damun motar ba wani babba ba ne. Giyar otomatik da jan mai take aiki, man kuwa yakan yi zafi, shi ya sa aka ja wasu siraran fayif biyu daga giya zuwa ƙasan lagireto, man ya je ya huce ya dawo. A bakin kowane fayif akwai notin tagulla da bai fi kan yatsa ba. Ɗaya daga cikinsu ne ya tsage don tsufa. Arzika ya kwance shi, ya naɗe a hankici, ya nufi 'yan sifiya, masu sayar da kayan mota, da tunanin kafin azahar ya gama.

Shago nawa ya shiga, Allah kaɗai ya sani. Gusau a lokacin garin Fijo ne da Datsun, duk masu kuloci. Noti kam ga shi nan cike da gwangwani, amma haƙoransa ba irin na Hajiya ba ne. Sai ya shiga zagaye ɗaya ko biyu, ya cije. Ranar da ya ce zai koma Karakkai ta zo ta wuce yana tsugune yana tona gwangwanaye.

Wani bakanike mai suna Tambaya, da suka yi shekaru tare, ya duba ya ce masa, "Malam Arzika, wanga noti babu shi garin ga. Bari in yanke hwayib ɗin in cusa mashi tiyo, mu ɗaure da roba da waya. Ya kai ka Karakkai ya maido ka."

"In taf fashe cikin daji hwa, da marar lahiya a baya? Wagga mota ko turawa ba a yi mata ta tashi."

Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai musa. Amma ni da na san Arzika, na san akwai wata gaskiyar a ƙarƙashi. Shekara ashirin da shida ba a taɓa ɗaura roba a motarsa ba, kuma ba ya so a fara ranar da duk Karakkai za ta fito kallo. Matarsa Saude ta ce ya ɗauki shatar wata mota mana. Ya ce mata sauran kaɗan.

Wani ya ba shi labarin akwai gawar irin motar a Tsafe, a gidan wani marigayi ɗan kasuwa. Man fetur na wuya a shekarar, motocin haya sun yi ƙaranci, sai da ya ɓata yini guda kafin ya isa. Ya sami motar a bayan gida, kaji sun mayar da ita akurki. Ya ɗaga bonet, ya ga wayam. An daɗe da sayar wa maƙera lagireton da duk abin da ke jikinsa. Ya dawo ya kai tsohon notin wurin mai walda, wuta ta narkar da gefensa, ya ƙara lalacewa.

A kwanakin nan ya daina bi ta tasha, saboda da sun hango shi sai su fara, "Direba, ya jikin Hajiya?" Ya manta, ko kuma ya ƙi tunawa, cewa mutanen ƙauye a tasha suke barin saƙo.

Rana ta takwas ruwa ya tare shi a hanyar gida, ya fake a shagon Sule mai gyaran firji, layi biyu kacal daga ƙofarsa. Yana tsaye yana kallon ruwa, idonsa ya faɗa kan wata tasa cike da notocin tagulla na bututun firji. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya fiddo nasa ya haɗa su. Haƙora iri ɗaya. Sule ya ce ya ɗauka kawai, ai zube suke. Da ya ɗaura shi a lagireto, da yatsu biyu ya shige har ƙarshe, ko ɗigo babu. Arzika ya zauna a ƙasa cikin laka yana dariya shi kaɗai.

Washegari da hantsi ya kama hanya. Saude ta shimfiɗa sabon zane a kujerar baya, ta sa matashi biyu. Motar ta tafi lafiya lau, ta wuce Bungudu, ta sauka kan jar hanya, gero tsanwa shar dama da hagu. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidansu, da takalma birjik, da dattawa zaune jigum. Ya kashe mota ya daɗe bai fito ba.

Jiya bayan la'asar aka kai Yari makwancinsa. Maza suka yi masa gaisuwa, ba wanda ya tambaye shi abin da ya tsare shi, kuma hakan ya fi masa zagi ciwo. Ya shiga cikin gida ya durƙusa a ƙofar ɗakin Hauwa'u, matar wan nasa, wadda a da ba ta ganinsa ba ta tsokane shi ba. Tana zaune a lulluɓe, muryarta ta dushe.

"Mun aika tasha sau biyu," in ji ta.

"Ban samu ba, Yaya. Mi yah hana ku sa shi motar Buba?"



"Buba ya zo har ƙohwar gida, ran Talata da ran Alhamis. Har katihwa munka shimhiɗa. Yayanka yaƙ ƙi. Yac ce in kaz zo da mota kat tarar ya tahi, ka ji kunya gaban mutane."

 Arzika ya kifa goshinsa a dokin ƙofa, dattijo mai furfura, ya fashe da kuka, har mazan da ke waje suna ji.