Kiran da Na Yi Ruwa Na Shiga Jirgi

Iyaye mata, ku kula da lokacin da kuke kiran 'ya'yanku a waya.

Jiya da hantsi ina gida Runjin Sambo na kira ɗana Nasiru ta bidiyo. A Legas yake, yana sa wa jiragen ruwa na'urar sanyaya ɗaki. Yana ɗauka na gan shi durƙushe cikin jirgi, ruwa na feshi kusa da gwiwarsa.

Na ce, "Nasiru, mi nika gani haka?"

Ya ce, "Inna, ta ƙasan jirgi na'urar ke jawo ruwan teku don ta huce. Tiyon nike ɗaurewa kiranki ya shigo, ya suɓuce."

"To don mi ka ɗauka?"

"Ke kika ce wanda duk ya ƙi ɗaukar kiranki ba ki yafe ba."

"Aje wayar nan ka rufe famfon, sakarai!"

Ya rufe, amma ruwa ya riga ya kai masa idon sawu. Jirgin mutane, ga ransa a ciki.

Na faɗi maganar, ban musa ba. Sai dai biyayya ba ta hana hankali.

Daga yau a gidana, wanda hannunsa ke kan aiki kada ya ɗauki kirana. Amma ya nemo ni kafin Magariba.